Wa ke biyan cikon kuɗin in mun saya da araha?

Assalamu alaikum jama'a. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni, abin ne ya daɗe yana ci mini rai.

Shekara biyar ke nan ina cikin kwamitin sayen kaya na wata makarantar al'umma a nan Tudun Wadan Zariya. Mu biyar ne, iyayen yara suka zaɓe mu, ba wanda ake biya ko kwabo. A shekararmu ta farko aka ce ana buƙatar benci 80 na azuzuwan firamare. Muka karɓi takardar farashi daga mutum uku, muka jera su a kan tebur, muka ɗauki mafi araha. Na tuna yadda muka fito daga zaman nan zuciyarmu fes, muna ganin mun tsare dukiyar talakawa da marayu. Aka shafa fatiha aka watse.

Ba a yi damina biyu ba bencinan suka fara karkacewa. Ashe ɗanyen katako ne, yana bushewa yana murɗewa, ƙusoshi suna leƙowa suna yage wa yara wando. Ranar da ƙusa ta tsaga wata yarinya 'yar aji biyu a cinya har sai da aka kai ta asibiti, na ce sai na ga inda aka yi su da idona.

Da na bi sawu, sai na tarar wanda muka ba kwangilar ba shi da shago, ba shi da zarto ko ɗaya. Jaka ce da shi da takarda mai tambari. Aikin kuwa wani dattijon kafinta ya ba, a wata rumfar kwano can wajen 'yan katako. Da na isa, abin da na fara gani shi ne wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, a tsugunne a lungu yana fesa fenti, ba komai a hancinsa, hannunsa kore shar har gwiwar hannu. Da ya gama ya tsiyayi kananzir ya goge tafinsa, ya ɗauki guntun rogo ya kai baki. Ni da na tsaya minti goma a wurin sai da kaina ya sara.

Muka gaisa da kafintan, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai musa ba. Ya ce, "Malam, wallahi na gaya masa katakon nan bai bushe ba. Ya ce kuɗin da kuka ba shi ba zai sayi busasshe ba. Ni kaina har yau ina bin sa cikon kuɗin aikina." Na ce, "Baba, to me ya hana ka zuwa ka nemi aikin da kanka?" Ya dube ni ya ce, "Wa zai saurare ni? Ni ba ni da takarda."

A kan babur ina komawa gida nake ta lissafi. Kuɗin da muka yi murnar ragewa ba ɓacewa ya yi ba. An biya shi cif, sai dai ba daga asusun makaranta ba. Kafinta ya biya da guminsa, yaro ya biya da huhunsa, yarinya ta biya da jininta, daji kuma ya biya sau biyu, tunda sai an sake sare wata bishiyar a yi mana wasu bencinan. Mu da muka sa hannu ba mu ga ko ɗaya daga cikinsu ba, domin takarda kawai muka duba.

Wannan ba matsalar ƙaramin kwamiti irin namu ce kaɗai ba. A ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rushe a kusa da birnin Dhaka na ƙasar Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu mata masu ɗinka tufafin da manyan kantunan Turai da Amurka ke sayarwa. Kwana ɗaya kafin nan an ga tsaga a jikin ginin, amma aka tilasta musu komawa bakin keke. Su ma waɗancan kamfanonin farashi suka duba, ba su tambayi a wane irin ɗaki ake ɗinkin ba. Tun daga lokacin magana ta ƙara ƙarfi a duniya cewa mai saye yana da hannu a cikin yadda aka samar da abin da ya saya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa batun a cikin muradun ci gaba na 2015, a 2017 kuma aka fitar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 20400 don yi wa ma'aikatu jagora wajen sayen kaya. In ka tace abin da ke cikinta, tambayoyin da kakanninmu ke yi ne kafin su sayi sa a kara: daga ina ya fito, wa ya yi kiwonsa, lafiyarsa ƙalau?

Mu ma a ƙasar nan ba doka muka rasa ba. Akwai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2016. A 2017 an fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa a kan kaya irin su yunifom da takalma da abinci da kujeru da magunguna ya tafi ga na gida. A watan Mayun 2025 gwamnati ta sake jaddada manufar fifita kayan Najeriya. Amma abin da na fi so 'yan kwamiti su gane shi ne, ita kanta dokar 2007 ba ta ce a ba mafi araha ido rufe ba. Cewa ta yi a ba mafi araha daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. To wa ke rubuta sharuɗɗan? Mai saye. In ka rubuta "benci 80" ka yi shiru, ka ba ɗanyen katako hanya. In ka rubuta busasshen katako, kauri kaza, fenti marar dalma, ba a sa ƙaramin yaro feshi, kuma za mu zo mu ga wurin aiki kafin mu sa hannu, to ko da mafi arahar ka ɗauka, ba irin waccan arahar ba ce. Duk ƙarfin kwamiti yana cikin wannan 'yar takardar da ake rubutawa a gurguje.

Ku dubi Zariya da kyau. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin jiragen sama, ga kwalejin Nuhu Bamalli, ga barikin horar da sojoji, ga kwalejojin Barewa da Alhudahuda, ga makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu da asibitoci da ba sa ƙirguwa. Kowace ɗaya kullum cikin saye take: buhunan shinkafa da wake, zannuwan gado, takarda, sabulu, kujeru, itace, man janareta. Gari kaɗan ne a Arewa ke da masu saye da yawa haka a wuri guda. A gefe guda kuma ga masu yi. A Samaru ake fitar da irin auduga da masara da gyaɗa da wake da manoma ke shukawa a faɗin Arewa, a nan cibiyar koyar da aikin fata take, cikin birni kuma ga teloli da masu ɗinkin hannu da sunansu ya kai nesa. Amma sai ka ga ƙaramar makaranta ta yi odar yunifom ɗinkakke daga kwantena, telan da ke ƙofar makarantar yana zaune yana kaɗa ƙuda. Na san yadin gida ya yi wuya tun da masaƙar KTL ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. To in yadin ya gagara, ɗinkin ma ya gagara ne?

Abin da ke korar ƙananan masu sana'a ba rashin iya aiki ba ne. Girman kwangilar ne da tarin takardu: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, da sauran su. Babbar ma'aikatar gwamnati dole ta bi waɗannan, amma tana iya yanka aiki gunduwa-gunduwa yadda doka ta yarda, ko ta sharɗanta wa babban ɗan kwangila ya ba masu sana'ar gari wani kaso. Mu kuwa ƙananan makarantu da ƙungiyoyi da kwamitocin masallaci, ba wanda ya ɗora mana wannan nauyin. Kwaikwayo ne kawai muke yi.

Sai maganar biya, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu, tana shara da goge-goge a wata ma'aikata ta hannun kamfanin da aka ba kwangilar tsafta. Wata rana da asuba na gamu da ita tana tafiya a ƙasa, tsintsiya a hammata. Na ce, "Inna, yau ba a hau mota ba?" Ta ce, "Ɗan nan, wata huɗu ke nan ba a ba mu komai ba. In mun je wurin kamfani su ce ba a biya su ba, in mun je ofis su ce mu ba ma'aikatansu ba ne." Kowa ya wanke hannunsa, bene kuma kullum yana ƙyalli. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a ƙarƙashin irin waɗannan ƙananan kamfanonin yawancin masu shara da masu gadi suke. Saboda haka in ma'aikatar da ta ba da kwangilar ba ta rubuta nawa za a ba mai shara ba, kuma ba ta nemi shaidar an biya ta kafin ta saki kuɗin wata na gaba ba, babu mai tsaya mata. Ita ma ma'aikatar sai ta biya a kan lokaci. Dokar 2007 ta ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri. Mu kuma tun muna yara aka karantar da mu cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ban ga yadda za mu yi ta jawabi a kan kare muhalli a ɗakin taron da wadda ta share shi ta kwana da yunwa ba.

Muhallin ma a hannun mai saye yake fiye da yadda muke zato. Duk wanda ya leƙa rafin Kubanni bayan ruwan farko ya ga ledar ruwa da farar robar zuba abinci sun yi dandazo a bakin kwalbati. Kaso mai yawa daga tarurrukanmu suke fitowa. Legas ta hana farar robar a Janairun 2024, gwamnatin tarayya ma ta hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a ma'aikatunta a tsakiyar shekarar. Mu a walimar saukar Alƙur'ani ta bara, faranti da kofuna muka yi haya daga wasu mata masu kayan biki, muka biya su kuɗin wanki, bola ba ta cika buhu biyu ba. Haka batun wuta. Janareta ya fi sola arahar saye, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ga wanda ya fi cin kuɗi a shekara. Sai dai shi ma batirin sola akwai dalma a cikin irin wanda aka fi sawa, in ya mutu aka fasa shi a bayan gida guba ce. Mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Don haka muka rubuta wa mai sayar mana da batir cewa shi zai karɓi tsohon.

Na san abin da wasu za su ce a ƙasa: ai "a ba na gida" ƙofa ce ta ba ɗan'uwa da suruki. Gaskiya ne, na gani da idona, kuma wannan tsoron ne ya sa kwamitoci da yawa ke fakewa da mafi araha, don shi ne ba a zargin mutum a kansa. Abin da muka yi shi ne, muna liƙa sharuɗɗan a allon sanarwa kafin a karɓi farashin kowa, ana buɗe takardu a gaban wakilan iyaye, kuma duk ɗan kwamitin da ke da dangantaka da mai neman aiki ya faɗa ya fita daga ɗakin. An taɓa ɓata da ni a kan wannan, har yau akwai wanda gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba.

Da muka tashi sake bencinan, mun raba aikin gida uku, muka ba kafintoci uku kai tsaye, har da wancan dattijon. Muka ba su kafin alƙalami don su sayi busasshen katako, mu biyu muka bi su kasuwa, Baba yana ƙwanƙwasa kowane falanki da bayan yatsa yana saurare, wanda ya yi nauyi da sanyi ya ture shi gefe. Ranar da suka kawo kaya, ranar muka cika musu kuɗinsu. Ba zan ɓoye ba, ya fi tsada. Kuɗinmu bai kai 80 ba, 60 muka samu, wasu yaran sai da suka ƙara zango guda a kan tabarma, iyaye kuma suka yi ta ƙorafi. Bencinan suna nan shekara uku ke nan, ko ƙusa ɗaya ba a sake bugawa ba.

Yaron nan kuma Baba ya cire shi daga feshi, ya mayar da shi goge katako. Har yanzu ba ya zuwa makarantar boko, mahaifinsa yana ƙauye, muna kan magana da shi ko zai bari ya riƙa shiga ajin yamma. Ranar Asabar mai zuwa kwamiti zai zauna a kan yunifom na sabuwar shekara. Duk telan da ke Tudun Wada ko Tudun Jukun da zai iya ɗinka kaya 50 cikin wata guda, ya yi mini magana ta akwatin saƙo kafin Juma'a.