Wai me Balewa ya tsinana wa Bauchi?

Waɗanda muka zauna tare jiya a rumfar ɗaurin auren nan sun san da wa nake, don haka ba sai na kama suna ba. Yaro ne da bai cika talatin ba, an ɗan ba shi muƙamin mai taimaka wa mai taimaka wa wani, ya zo da shadda tana ɗaukar ido, makullin mota a yatsa yana juyawa. Ya buɗe baki a gaban dattawa ya ce wai shi Tafawa Balewan nan da ake ta kururutawa, me ya tsinana wa Bauchi, mutumin da ko gidan sama bai bar wa 'ya'yansa ba? Aka kwashe da dariya, har da masu furfura. Dariyar nan ce ta hana ni barci.

To ƙanena, gaskiyarka. Babban laifi ya yi. Daga 1957 har zuwa Janairun 1966 yana Firayim Minista, baitulmalin ƙasa a tafin hannunsa, amma sakarci ya hana shi sayen gida a Landan. Bai kafa gidan mai a Wunti ba, bai yanka wa surukansa filaye ba, bai bar jerin shaguna a kasuwar Muda Lawal ba. Ai kam ya ba mu kunya. Da irinku aka ba wa, da yanzu har kajin gidanku suna da fasfo.

Da mudun ɓarayi kuke auna shi, shi ya sa kullum yake fitowa bai cika ba.

Tunda tambaya ka yi, bari in ba ka abin da za ka iya taɓawa da hannu. Ka ɗauki motar taka ka je tashar jirgin ƙasa, ka duba layin dogon da ciyawa ta cinye. A zamaninsa aka ja shi daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya ƙarasa Maiduguri a 1964. Ka tambayi tsofaffin Gombe abin da jirgin nan ya yi wa cinikin auduga da gyaɗa. Madatsar ruwan Kainji da har yau ake samun lantarki daga gare ta, a 1964 aka fara ta. Shi ya kawo jirgi, mu muka bar shi ya mutu, sannan ba kunya mu ne masu tambayar me ya tsinana.

Kuma kafin duk wannan malamin makaranta ne. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo Midil ta Bauchi yana riƙe da alli. A 1950, lokacin da talaka ko ɗaga ido ba ya iya yi a gaban hakimi, wannan malamin ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya ce tsarin En'e na buƙatar gyara, a riƙa jin ta bakin talakawa. Kai da ko a zauren WhatsApp ba ka iya ce wa ogan naka ya yi kuskure.

Na san masu ilimi za su shigo. Rikicin siyasar Jihar Yamma fa? Zaɓen 1964 fa? Ɗaurin Awolowo a 1963 fa? Wai ai Sardauna ne ke juya shi daga Kaduna. Na ji, na kuma karanta abin da kuka karanta. Ban ce annabi ba ne, gwamnatinsa ta yi kura-kurai, wasu ma manya. Amma yaron jiya bai yi maganar zaɓe ba, bai san ma an yi ba. Gidan sama ya ambata. Ku ajiye wancan sai ranar da muka zauna zancen tarihi, yau zancen mudu muke yi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne munafuncinmu. Duk 15 ga Janairu, ranar da sojoji suka kifar da gwamnatinsa, sai ka ga hotonsa ya cika Facebook, rawani da murmushi, a ƙasa an rubuta Allah ya jiƙan mazan jiya, ba a ƙara yin irinsu. Ƙarya muke. Ana yin irinsu, mu ne muke kashe musu gwiwa tun a cikin gida. Ina da kawu da ya yi shekaru yana riƙe da kuɗin wata ƙaramar hukuma. Ranar da ya yi ritaya, a kan tsohuwar Vespa ɗinsa ya dawo gida, da buta da dardumar sallarsa a ɗaure a baya. Da kunnena na ji gwaggona tana cewa Allah ya ba shi dama ya yi wasa da ita. A taron dangi ba a jiran isowarsa kafin a fara magana. Ƙaninsa da kowa ya san ta inda kuɗinsa suka fito, shi ake shimfiɗa wa kilishi, shi ake ce wa ranka ya daɗe. Wannan gidanmu ne, kuma na rantse akwai irinsa a naku. Muna son Balewa ne saboda ya mutu, ba zai zo mu roƙe shi kwangila ya hana mu ba.

Wallahi ba da wasa nake wannan ba. Kwanakin baya na kai yarana kabarinsa. Duk wanda ya taɓa shiga ya san hanyar nan mai duhu da ake bi, kana tafe kana laluben bango, haske na ɗan leƙowa kaɗan-kaɗan, har ka ɓulla fili inda ba rufi sai sararin sama. Ga kabarin nan, ba wani ƙyale-ƙyale. Ƙaramar 'yata ta riƙe min hannu gam a cikin duhun, da muka fita ta ce, "Baba, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Mutumin da ya karɓi 'yancin ƙasar nan ranar 1 ga Oktoban 1960, bayan kwana shida ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi magana da sunanmu. Mutumin da gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a Sahara. Sojoji suka ɗauke shi da tsakar dare daga gidansa a Legas, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya. Yana da shekara 53. Na tsaya na yi masa addu'a, na kasa haɗa ido da yaran.

Sannan wani mai juya makulli ya zo yana neman gidan sama.

Af, tun da aka zo nan, wai ina naira biyar ta shiga ne? 'Yar tawa ta matsa sai na nuna mata hotonsa a jikin kuɗi kamar yadda na faɗa mata. Na zazzage aljihu, na duba gwangwanin canjin uwarta, na tambayi mai shagon layinmu, ya yi dariya ya ce rabonsa da ita har ya manta, ko almajiri ka miƙa wa sai ya kalle ka. Ko ruwan leda ba ta saye yanzu. Duk wanda yake da mai kyau wadda ba ta koɗe ba, don Allah ya yi min magana, zan ba shi hamsin a kanta. Ina nan wajen Yelwa bayan la'asar.