Shaidun Tarago

Duk wanda ke shiga jirgin ƙasa a babbar tasha tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe ya san cewa a wannan lokaci jama'a ke da iko da ƙafafunsa, kuma inda suka ga dama nan za su kai shi. Na isa tashar rataye da jaka mai doguwar igiya, cike da takardun wani zama da shugaban ofishinmu ya ja mini kunne a kan kada in kuskura in makara. Allon sanarwa ya nuna saura minti 3 jirgi ya iso. Da na gyara tsayuwa na sake ɗaga kai sai na ga ya koma minti 6, daga nan ya haura 11, har wani dattijo da ke gefena ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko dai da baya jirgin nan yake tafiya?" Lasifika ta yi dogon jawabi wanda ban tsinci komai a cikinsa ba sai "muna ba da haƙuri", kuma a tashar jirgi ma'anar wannan ita ce mutum ya nemi ginshiƙin da zai jingina da shi.

Jinkirin jirgi yana hayayyafa, shi ya sa na ji cikina ya ɗuri ruwa. An yanka layin dogo gaɓa-gaɓa, kuma jirgi ɗaya kaɗai ake bari a cikin gaɓa guda, domin ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta tsayawa nan take idan an taka birki. Muddin na gaba bai fice ba, jar fitila tana tsare da na baya. Jirgin da ya makara kuma yakan tarar da fasinjojinsa sun haɗu da na wanda ya kamata ya biyo shi, sai ya daɗe a tsaye ana kokawar shiga, ya ƙara makara, tasha ta gaba ta ƙara tumbatsa. Ina tsaye na tuna cewa a 2017 wani kamfanin jirgin ƙasa a Japan ya fito ya nemi afuwar jama'a saboda jirginsa ya tashi sakan 20 kafin lokaci. Na faɗa wa dattijon, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi kam ya yafe musu.

Da jirgin ya iso, a cike yake maƙil. A tashar Shinjuku ta birnin Tokyo, wadda miliyoyin mutane ke ratsa ta kowace rana, an san ma'aikata masu fararen safar hannu da ke tura fasinjoji cikin tarago da ladabi. Mu ba mu buƙaci ma'aikaci ba, domin na bayana sun yi aikin kyauta, kuma ba tare da ladabin ba. Ban tuna na ɗaga ƙafa ba, na dai tsinci kaina a ciki, bayana manne da ƙofa, hannuna ɗaya a sama ya rasa hanyar saukowa, ɗayan kuma a matse tsakanin jakar wata baiwar Allah da kafaɗar dattijon, mun jeru kamar tsinken ashana a kwali.

Ƙofa ta yi ƙara ta rufo, sai ta ja da baya. Ta sake rufowa, ta sake komawa. Jirgi ba ya motsawa sai kowace ƙofa ta kulle, don haka direba ya shiga roƙo ta lasifika cewa wanda ya tare ƙofa ya taimaka ya matsa. Ni da nake ganin agogo na cin rabona na fi kowa ɗaga murya. "Haba jama'a, a ji tsoron Allah! Wanda ya tare ƙofar nan ya sauka mana, mutum ɗaya ba zai tsare dubban bayin Allah ba!" Mutane suka mara mini baya da "gaskiya ne, Malam", har na ji wani daɗi irin na shugabanci. An daɗe ana wannan dambarwa kafin wani daga waje ya dunƙule hannu ya danna wani abu a bayana, ƙofar ta haɗe, muka tashi.

Ba mu yi nisa ba wayata ta fara ruri a aljihun gaba, kuma babu hannun da zan kai mata. Wani saurayi da fuskarsa ke dab da tawa ya ce, "Yallaɓai, in ciro maka?" Ya ciro, ya karanta sunan da ƙarfi, ya danna lasifikar wayar ya kara mini a baki. Shugaban ofis ne. A Japan idan jirgi ya makara akan ba fasinja takardar shaida ya kai wa maigidansa a wurin aiki. Ni ban samu takarda ba, amma na samu tarago guda na shaidu. Kafin shugaba ya gama sallama, baiwar Allah ta ce, "Ranka ya daɗe, ba laifinsa ba ne!" Dattijo ya rantse cewa tun da sassafe muke tare, wani daga can ƙurya wanda bai taɓa ganin fuskata ba ya shaida cewa ni mutumin kirki ne. Muna shiga ramin ƙarƙashin ƙasa layin ya katse.

A tasharmu dandamalin yana hagu ne, don haka ƙofofin hagu suka buɗe, jama'a suka tuɗaɗa waje. Na yunƙura da ƙarfina zan bi su, sai na ji an fizgo ni ta wuya. Na waiwaya da niyyar faɗa, na ga igiyar jakata damƙe a bakin ƙofar dama, wadda ba ta da niyyar buɗewa a nan. Ashe gindin jakar ne ya yi ta tokare ƙofar tun farko, da aka danno shi ciki kuma sai igiyar ta maƙale, ga ta siririya yadda na'urar ƙofa ba ta jin ta. Dattijon ya tsaya a kan dandamali, ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ashe kai ne mai tsare dubban bayin Allah." Ƙofa ta rufe a tsakaninmu kafin in samu amsa.

Haka na yi ta wuce tashoshi a ɗaure, taragon yana ta raguwa har kujeru suka zama fanko ina kallonsu ba halin zama, sai da muka kai wata tasha mai dandamali a dama aka sake ni. Jirgin dawowa kuwa babu kowa a ciki, tun da duk duniya ɗaya gefen ta nufa.

Na tarar da shugaba shigowarsa ke nan yana share gumi. Ya ce ya kira ne ya gaya mini an ɗage zaman, domin shi ma jirginsa yana cikin waɗanda suka jeru a bakin jar fitila, kuma direbansu ya sanar da su cewa wani ne a jirgin gaba ya hana ƙofa rufuwa. Ya jinjina kai ya ce da zai ga mutumin nan da idonsa, da sai ya gane kurensa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai na shiga jera takardu a kan tebur da himma. Idonsa ya sauka a kan igiyar jakar, wadda ta lanƙwashe ta yi baƙin tabon roba, ya tambaye ni abin da ya same ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne."