Ɗalibai ma'aurata a Amurka: ku ƙirga shekarunku kafin ku cike takardar haraji

Duk shekara idan Afrilu ya matso, sai ka ji ana ba ɗalibanmu da ke Amurka shawara guda: "Tunda kana da mata, ku cike tare, kuɗin da za a maido muku ya fi yawa." Wannan shawara ta jefa mutane da dama cikin matsala, domin hukumar harajin Amurka, IRS, ba da aure take farawa ba. Abin da take fara dubawa shi ne matsayin kowane ɗayanku a dokar haraji, mazauni ne ko baƙo.

Mai bizar ɗalibi ta F-1, da matarsa ko mijinta mai bizar iyalin ɗalibi ta F-2, baƙi ne a shekaru biyar na farko, kuma shekarar kalanda ake nufi. Wanda ya sauka a watan Agusta 2020 ya cinye 2020 a matsayin shekara cikakkiya, ko da wata biyar kawai ya yi. Shekarunsa biyar sun ƙare a 2024. Daga 2025 ake fara ƙirga masa kwanaki, idan sun kai 183 ya zama mazauni. Kowa da lissafinsa. Matar da ta biyo shi a 2023 har yanzu baƙuwa ce.

Idan dukkanku baƙi ne, babu maganar haɗa takarda. Mai samun kuɗi zai cike fom 1040-NR shi kaɗai, a matsayin mai aure, kafin 15 ga Afrilu idan albashi yake karɓa. Ba shi da rangwamen da ake cire wa mazauna kafin a yanka haraji. Za ku ji abokan karatunku 'yan Indiya suna samunsa, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasarsu da Amurka ne. Najeriya, Nijar da Ghana ba su da irin wannan yarjejeniya, don haka kada ka kwaikwayi takardar abokinka.

Abin da aka fi mantawa shi ne fom 8843, wanda ake bayyana wa IRS dalilin da ba a ƙirga wa mutum kwanakinsa. Kowane baƙo a cikinku sai ya cike nasa, har matar da ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, har yaran da ke kan F-2. Wanda ba shi da kuɗin shiga wa'adinsa 15 ga Yuni, kuma kowane fom a ambulan ɗinsa daban.

Inda lamarin ke da daɗi, kuma yake buƙatar natsuwa, shi ne idan ɗaya ya zama mazauni, ɗaya bai zama ba. Doka ta ba ku zaɓi: ku rubuta takarda, ku sa hannu ku biyu, cewa a ɗauki baƙon a matsayin mazauni, sai ku cike fom 1040 na mazauna tare. A shekarar haraji ta 2024 rangwamen ma'aurata da suka haɗa dala 29,200 ne, na wanda ya cike shi kaɗai 14,600. Ga ɗan digiri na uku da ke rayuwa a kan alawus ɗin koyarwa, ragin harajin da wannan bambanci ke kawowa ba ƙaramin kuɗi ba ne. A ganina yawancin iyalai wannan zaɓi ya fi musu. Amma da sharaɗi: daga farkon shekarar harajin da kuka yi wa zaɓin, duk abin da kuke samu a duniya sai kun bayyana shi, har kuɗin hayar gida a Kaduna ko albashin da ke shiga asusun uwargida a gida yayin hutun karatu. Zaɓin yana ci gaba shekara bayan shekara, kuma idan aka soke shi ba a sake yinsa har abada. Idan an samu kuskure a takardar, ku biyu ake bi bashin.

Mai F-2 ba ta da izinin aiki, don haka ba ta da SSN, lambar da ake ba masu izinin aiki. Idan za ku cike tare, sai an nema mata lambar haraji ta ITIN da fom W-7, a haɗa shi da takardar harajin da fasfo na asali, ko kwafin da hukumar da ta bayar da shi ta tabbatar. Kwafin da aka buga wa hatimi a wajen notari ba ya wucewa. Maimakon ku jefa fasfonta a akwatin gidan waya a daidai lokacin cunkoso, ku nemi wakilin da IRS ta amince ya tantance takardu, ko ku yi alƙawari a ofishinta. Amsa takan ɗauki mako bakwai zuwa sha ɗaya.

TurboTax, manhajar cike haraji, ba ya cike 1040-NR. Baƙon da ya bi ta can zai cike takardar mazauna, ya karɓi kuɗin da ba nasa ba, sai ya gyara da 1040-X ya mayar, kuma tarihin haraji abu ne da ake iya dubawa ranar neman katin zama na dindindin (green card). Jami'o'i da yawa suna ba ɗalibai manhajar Sprintax ko Glacier, masu cike takardar baƙi. Ku jira W-2 da 1042-S, takardun da ke nuna kuɗin da aka biya ku da harajin da aka cire, su iso, na biyun yakan kai tsakiyar Maris.

Ku kuma duba akwati na 4 da na 6 a W-2. Baƙo mai F-1 ba ya biyan kashi 7.65 na Social Security da Medicare, wato harajin fansho da inshorar lafiyar tsofaffi. Idan an cire, ka fara neman wurin aikinka ya maido, idan ya ƙi sai ka nema daga IRS da fom 843 tare da 8316.