Assam: kotu ta tsayar da rana, saura batun addini

Ranar 17 ga Oktoban 2024 alƙalai 5 na Kotun Ƙolin Indiya suka yanke hukunci kan sashe na 6A na dokar zama ɗan ƙasa ta 1955, sashen da ya shafi jihar Assam kaɗai, can a bakin iyaka da Bangladesh. Huɗu daga cikinsu, har da Alƙalin Alƙalai na lokacin D.Y. Chandrachud, suka ce sashen bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Mai shari'a J.B. Pardiwala ne kaɗai ya ƙi yarda. A ganina masu rinjaye sun yi daidai, sai dai hukuncin bai share wa talakan Assam hawaye ba.

Sashen ya samo asali ne daga jini. Tun 1979 ƙungiyar ɗaliban Assam ke zanga-zangar a kori baƙi, kuma a Fabrairun 1983 aka kashe kusan mutum 2,000 a yankin Nellie, akasarinsu Musulmi masu jin Bengali. Da haka aka kai ga yarjejeniyar da gwamnatin Firayim Minista Rajiv Gandhi ta sa wa hannu a 15 ga Agustan 1985, wadda daga cikinta aka samar da sashe na 6A. Wanda ya shigo Assam daga Gabashin Pakistan (Bangladesh ta yanzu) kafin 1 ga Janairun 1966 ɗan ƙasa ne. Wanda ya shigo daga nan zuwa 24 ga Maris na 1971 zai yi rajista, ya haƙura da kaɗa ƙuri'a na shekara 10. Wanda ya zo bayan haka baƙon haure ne.

Masu ƙara sun ce an ware Assam: kundin tsarin mulki ya sa 19 ga Yulin 1948 a matsayin ranar da ake dubawa ga masu ƙaura daga Pakistan, don me za a ƙara wa jiharsu shekara 23? Kukansu kan filaye da harshe ba na banza ba ne. Amma ba da ka aka zaɓi ranar ba. Daren 25 ga Maris na 1971 ne sojojin Pakistan suka far wa Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, yaƙin da ya tura kimanin mutum miliyan 10 gudun hijira Indiya. Da an soke sashen, da tsofaffin da suka shafe sama da shekara 50 suna noman shinkafa a Assam, da 'ya'yansu da jikokinsu, sun wayi gari ba su da ƙasa, domin Bangladesh ba ta ɗauke su nata ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen hujja. Doka ta ɗora wa wanda ake zargi nauyin tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne. Da aka fitar da rajistar 'yan ƙasa ta Assam a 31 ga Agustan 2019, kusan mutum miliyan 1.9 ba su ga sunansu ba cikin kimanin miliyan 33 da suka nema. Ka dubi manomin da ke zaune a tsibiran yashi na kogin Brahmaputra, inda ambaliya kan cinye gari ɗungurungum. Ana so ya kawo takardar zaɓen kakansa ta 1966. Ko matar da aka aurar tana ƙarama zuwa wani ƙauye, ba ta yi makaranta ba, ba ta da fili da sunanta, babu takardar da ta haɗa ta da mahaifinta. Harafi ɗaya da magatakarda ya rubuta daban a suna ya isa ya kai mutum gaban kotun tantance baƙi. A 2019 har wani tsohon soja da ya yi wa Indiya aiki shekara 30 aka tsare a matsayin baƙo. Cikin waɗanda rajistar ta zubar kuwa akwai mabiya addinin Hindu da yawa, shi ya sa jam'iyyar BJP mai mulki, mai kishin Hindu, ta yi fatali da sakamakon.

Nan ne gyaran dokar zama ɗan ƙasa na Disamban 2019 ya shigo, wanda aka fara aiki da shi a Maris na 2024. Ya buɗe ƙofa ga mabiya addinai 6 daga Afghanistan, Bangladesh da Pakistan da suka shigo kafin ƙarshen 2014, ya bar Musulmi a waje. Wato maƙwabta biyu da suka tsallako iyaka rana ɗaya, ɗaya na da hanyar samun takarda, ɗaya na jiran sansanin tsare baƙi na Matia. Su kansu 'yan asalin Assam sun fito kan titi, don gyaran ya take ranar 1971 da aka yi alkawari a kanta.

Sashe na 6A ya tsira ne saboda tambayarsa ɗaya ce ga kowa: yaushe ka zo? Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin Indiya ya ba kowane mutum daidaito a gaban doka, bai ce 'yan ƙasa kaɗai ba. An shigar da ƙorafi sama da 200 kan gyaran 2019 a wannan kotu, kuma da ma'aunin da ta auna 6A ya wajaba ta auna shi. Ban ga yadda dokar da ke tambayar addinin mutum kafin ta ba shi ƙasa za ta tsallake wannan ma'auni ba.