Samari, wayar iyayenmu amana ce a hannunmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku samari da 'yan mata na nan Katsina. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai tun ranar da aka kwashe wa gwaggona kuɗin adashinta, kuma wallahi har yau in na tuna yadda na same ta zaune a tsakar gida tana juya wayar a hannu tana cewa "to ai yaron kirki ne, Hajiya ma yake ce mani", sai in ji zuciyata na tafasa.

Da hantsi wani ɗan damfara ya kira ta, Hausa tsaf a bakinshi, ya yi sallama ya gaida ta har da tambayar iyali, ya faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta, ya ce daga banki yake, wai za a rufe asusunta kafin la'asar saboda BVN ɗinta bai haɗu da NIN ba. Ya ce kar ta tada hankalinta, baya son dattijuwa kamarta ta je ta sha layi cikin rana, ta ɗauko katin ATM kawai ta karanto mashi lambobin gaba da guda ukun nan na baya. Ta karanto. Ya ce yanzu saƙo zai shigo, ta faɗa mashi lambobin da ke ciki. Ta faɗa. Ko ajiye wayar ba ta yi ba alat ya fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin da ta yi wata goma tana zubi don ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki suka tafi cikin abin da bai kai minti biyar ba.

Ku gane yadda abin yake aiki, don in ka gane ba a sake yi maka. Lambobin gaban kati da ranar ƙarewarshi da ukun baya, su ake sayayya da su a intanet ba sai kati na hannu ba. Lambobin da ke shigowa ta saƙo kuma, waɗanda ake ce wa OTP, su ne ƙofar ƙarshe, banki na turo su ne don ya tabbatar kai ne da kanka kake son a fitar da kuɗin. Ɓarawon ya tsaya a bakin ƙofar nan ba shi da yadda zai yi ya wuce, shi ya sa ya kira. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ka OTP ko fin ɗinka, wato lambar sirrinka, ko ta waya ko gaba da gaba, kuma duk mai ce maka "yanzu yanzu" ko "yau za a rufe", so yake ya hana ka tunani da shawara. Kashe wayar kawai, in hankalinka bai kwanta ba ka taka zuwa banki da ƙafarka.

Gwaggo ta yarda da shi ne saboda ya san sunanta da ranar haihuwa, to ina ya samu? Nan ne laifin ya dawo kanmu mu yara. Mu ne ke ganin linki a guruf ɗin WhatsApp wai gwamnati na raba tallafin dubu hamsin, ko wai an buɗe ɗaukar N-Power, ko wani attajiri na rabon kuɗin azumi, "tura wa mutum goma sannan ka cike", mu cike namu mu karɓi na Inna da na Baba mu cike masu, suna, lambar waya, BVN, NIN, komai, muna ganin taimako muka yi. BVN ɗin nan da babban bankin ƙasa ya kawo a 2014 lambobi ne 11 da suka ɗaure duk asusunka na kowane banki wuri ɗaya, NIN ma 11 ce kuma tun ƙarshen 2020 aka ce a haɗa ta da layin waya. Abin da ya ɗaure kuɗinka da layinka da sunanka kenan kake zubawa a shafin da ba ka san mai shi ba. Haka kwafin takardun da ake bari birjik a shagon hoto da kwafi, wanda ya lalace a jefa kwandon shara da hotonka da lambarka a jiki. Karɓi abinka ka yaga.

Wanda ya fi ɓata mani rai shi ne masu sayar da nasu da gangan. Wani zai zo majalisa ya ce kawo NIN ɗinka in ɗauki hoton fuskarka in ba ka dubu biyu, ko ara mani asusunka za a turo mani kuɗi in ba ka na shan ruwa. Ɗan uwa, da sunanka za a buɗe asusu a karɓi kuɗin damfara, wani lokacin ma kuɗin fansa, kuma mu a jihar nan ba sai an yi mana bayanin mi kenan ba. Ranar da EFCC ko 'yan sanda suka bi sawun kuɗin, sunan da ke kan asusun za su nema, wancan ya ɓace, kai za a zo ɗauka gaban mahaifiyarka. Ga hakkin wanda aka zalunta kuma, ka sa hannu a ciki ko ba ka san fuskarshi ba, Allah ba zai bari ba.

Sai masu ƙwace WhatsApp. Su kira ka su ce ana mitin ɗin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta masallaci da dare, an turo maka lambobi shida na shiga, karanto. Lambobin nan na buɗe WhatsApp ɗinka ne a wata wayar, kana faɗa an fitar da kai, sai a fara bin 'yan uwanka da hotonka da sunanka ana cewa "don Allah ranta mani dubu talatin zuwa gobe, ina asibiti". Shiga saitin ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ko minti biyu bai ɗauka. In kuma aboki ya roƙe ka kuɗi ta rubutu, kira shi ka ji muryarshi tukun.

Maganar fin kuwa, abin kunya ne yadda muke yi. 1234, shekarar haihuwa, lambobi huɗun ƙarshe na layinka, wasu ma har ajiye shi suke a waya cikin sunayen mutane. Wanda ya fizge maka waya a tasha ko cikin turmutsutsun babbar kasuwa sau da yawa sim ɗin yake so, zai cire ya sa a ƙaramar waya ya danna *565*0# BVN ɗinka ya fito, daga nan ya fara lalube. Sa wa sim ɗin kanshi fin. Sannan tun yau ka tambayi bankinka lambar toshe asusu da ake dannawa ko a wayar wani, ka rubuta a takarda ka aje a gida, don ranar da abin ya faru ruɗewa ba za ta bar ka ka tuna komai ba. In ka ga layinka ya ɗauke sabis haka kawai alhali na kowa na aiki, kar ka kwana, je ofishin kamfanin layin, ta yiwu wani ne ya yi maka welkom bak, wato ya sa aka fitar mashi da sabon sim da lambarka.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma POS, kuma yawancin masu sana'ar mutanen kirki ne masu neman halak, amma kar ka miƙa kati ka faɗi fin da baki wai a danna maka, danna da kanka ka kare da hannu. Ku masu shago kuma, hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarshi, duba balans a manhajar banki kafin kaya su bar hannunka ko da mutumin na sauri.

Masu cewa zuba dubu ɗari ka kwashi ɗari biyu a wata ba zan ja magana a kansu ba, MMM ta kife a 2016, CBEX ta kife a 2025, kuma kowa a cikinmu ya san wani da ya yi kuka.

Gwaggo kwana biyu ta yi ba ta faɗa wa kowa ba saboda kunya, kar a ce babba da ita an yi mata wayo, kuma kwana biyun nan su suka ƙarasa kashe maganar, don lokacin da muka isa banki kuɗin sun riga sun bi asusu kala kala an cire. Da a sa'ar farko ta yi magana, da akwai ɗan fatan a tare wani abu. Shi ya sa in aka yi wa naka kar ka fara da faɗa ko dariya, ɗauke shi ku tafi banki a rubuta ƙorafi, in an yi ta ja maka rai babban bankin ƙasa na da sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna.

Yau bayan isha'i ka zauna kusa da Inna ko Baba ka karɓi wayar ka duba saƙonnin da ke ciki, ka canja masu fin in na shekarar haihuwa ne, sannan ku yi alkawari ɗaya: duk wanda ya kira ya ambaci banki ko kati ko lamba, su ce "bari ɗana ya dawo" su kashe. Gwaggo yanzu haka take yi, makon jiya ma wani ya kira ta ta kashe ta kira ni ina wurin aiki.