Anaconda kyauta, in ji su

Wallahi tsofaffin 'yan wasan Elite Dangerous, wasan kwamfuta na tuƙa jiragen sararin samaniya, akwai mugunta. Da sabon shiga ya tambayi hanyar tara kuɗi, sai su tura shi Hutton Orbital, wata tasha mai nisan gaske a rukunin taurarin Alpha Centauri, wai ana raba jirgin Anaconda kyauta. Ni ma na yarda, na kama hanya kai tsaye.

Kusan awa ɗaya da rabi ina zaune ina kallon baƙin allo, shayina har ya huce. Ko ɗan fashi ɗaya bai tare ni ba, balle in ɗan motsa yatsu. Da na isa, ina Anaconda? Sai kofin tsaraba da wata giya ake sayarwa. Na daure na loda kofunan, ina juyowa aka ɗauke wuta.