Lambun Tayoyi da Bencin da Ya Karɓi Surukina

A watan Mayun 2024, lokacin da tumatir ya yi tsadar da har uwargida ta koma ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwan zabi, na dawo daga kasuwar 'Yankaba da 'yar ledar da ba ta cika tafin hannu ba, na dire ta a tsakar gida, na kuma sanar da iyalina cewa daga wannan shekara gidan nan ya daina sayen kayan miya. Masu sayarwa sun ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ce ta sake afka wa gonaki, ga kuma kuɗin mota da ya hau tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Ni kuwa a ganina duk wannan bai shafi mutumin da Allah ya hore wa tsakar gida da basira ba. Tsakar gida dai ina da ita, ko da yake siminti ne malale tun daga zaure har ƙofar madafa. Basira kuwa, a wancan lokacin ban ga dalilin yin shakka a kanta ba.

Abin da ya ƙara zuga ni shi ne labarin gidan nan da aka gina a Yelwa ta jihar Kaduna a 2011 da kwalaben roba waɗanda aka ɗura wa yashi. Na ce idan har shara za ta zama ɗakin da mutum zai kwana a ciki, to ba za ta gaza zama lambu ba. Na zana tsarina a bayan takardar kuɗin wuta: tsofaffin tayoyi 12 da za a cika da ƙasa, tsohon duro na tara ruwa, robobin lemo da za a huda murfinsu a kifa su riƙa ɗiga a gindin shuka, sai kuma benci na tsohon katako inda zan zauna da yamma ina kallon arzikina. Sharaɗin da na gindaya wa kaina a gaban shaidu shi ne ba zan kashe ko kwabo ba. Uwargida ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Malam, banza dai ba ta kai zomo kasuwa." Daga nan ta ɗauko wani ragowar littafin lissafi na yara, ta ja layi a shafin farko, ta rubuta kwanan wata. Ban tambaye ta dalili ba, kuma da na san abin da littafin nan zai zama, da a daren na jefa shi a murhu.

Mai facin bakin titinmu ya karɓe ni da murnar da ya kamata ta sa ni tunani. Ina cewa ina neman tayoyin da suka mutu, ya miƙe tsaye ya ce, "Alhaji, nawa kake so?" Na ce 12, ya loda mini 20, yana ta sa mini albarka kamar wanda na biya wa kujerar Makka. Mai Adaidaita Sahu ya ce sai ya yi sawu biyu, ya karɓi naira 3,000. Na bayyana wa uwargida cewa sufuri daban, kayan aiki daban, saboda haka sharaɗina yana nan daram. Ta ce haka ne, ta rubuta. Ana cikin sauke kaya wani yaro ɗan bola jari ya tsaya da buhunsa a kafaɗa, ya dubi tayoyin, ya dube ni, ya gaishe ni irin gaisuwar abokan sana'a, ya ce, "Oga, ashe kai ma ka shigo harkar?"

Wanda bai taɓa yanka taya ba bai san cewa a cikinta akwai wayoyin ƙarfe da aka saƙa ba, kuma ni ma a ranar na sani. Na ɗauko wuƙar da uwargida ke yanka nama da ita, na nufi tsakiyar tayar inda ta fi kauri, na yi ta gurza har bakin wuƙar ya koma kamar zarto, daga bisani wata waya ta fito ta gaisa da babban yatsana. An ɗaure mini yatsa, an yi mini allurar tetanus, an kuma sayi sabuwar wuƙa. Sai da na koma wurin mai faci da hannu a naɗe ya nuna mini cewa gefen taya kaɗai ake yankewa, inda babu waya, ana shafa wa wuƙar ruwan sabulu don ta riƙa sulɓi. Cikin minti biyu ya feɗe ɗaya kamar mai feɗe akuya. Na tambaye shi dalilin da bai faɗa mini tun farko ba, ya ce ai ya ɗauka na sani, tunda ya ga ina da biro a aljihu.

Taki kuwa na samo shi kyauta daga wani mai kiwon kaji, ɗanye shakaf, wanda warinsa ya sa maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya ko lafiya. Na zuba shi ba tare da rowa ba, na dasa tsiron da na reno daga 'ya'yan ruɓaɓɓen tumatir, kuma cikin kwana uku suka yi baƙi suka kwanta. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana noman rani a Kura, ya shigo ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya janye da sauri, ya ce, "Malam, ai dafa su ka yi, ba shuka ba." Ya yi mini bayanin cewa kashin kaji sai ya kwana makonni ya ruɓe ya huce kafin a gauraya shi da ƙasa, cewa baƙar roba tana zuƙar zafin rana ta riƙe, kuma cewa tumatir a ƙasar nan ɗan hunturu ne, shi ya sa ake samun yalwarsa daga Kadawa da rani, ya yi wuya da damina. Wato na zaɓi taki mara kyau, na zuba a mazubi mara kyau, a cikin wata mara kyau. Na gode masa, na sake dashe, domin namiji ba ya janye magana a gaban iyalinsa saboda abin da ya shafi miya.

Duro na saye shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya zo yana yoyo, mai walda ya toshe, mai ga-ruwa ya riƙa cika shi a kan kuɗi har damina ta sauka. Robobin ɗigo kuwa yara suka mai da su bindigar ruwa. Duk wannan ya shiga littafi.

Ragowar tayoyi 8 na jibge su a ƙofar gida, ruwan sama ya cika cikinsu ban kula ba. A ƙarshen Yuli, da aka fara maganar zanga-zangar tsadar rayuwa da za a fara ranar 1 ga Agusta, mai unguwa ya aiko mini cikin mutunci cewa tulin taya a bakin hanya a irin wannan lokaci ba abin da hankali zai kwanta da shi ba ne. Na garo su cikin gida da ruwansu da komai, na jera a bayan tagar ɗakin yara. Ashe taya ba ta taɓa zubar da ruwan cikinta gaba ɗaya ko yaya aka juya ta, sauro kuwa kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama ma'aikaci. Tumatirina bai yi fure ba tukuna, amma kiwon sauro ya karɓe ni fiye da yadda nake tsammani, har autanmu ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro.

A cikin waɗannan kwanaki ne na kammala benci, kuma shi ne abin da na fi alfahari da shi. Katakon irin wanda ake ɗora buhuna a kai a ɗakunan ajiya ne, wani direba ya ba ni. Ƙusoshin da na zare daga jikinsa su na miƙar da dutse na sake bugawa, domin sayen sabuwar ƙusa cin amanar manufa ne. Ƙafa ɗaya ta gaza sauran da kamar yatsa biyu, na tokare ta da murfin jarka. Saboda gara, na bi shawarar da kowa ya sani, na karɓo baƙin mai daga wurin bakanike na shafe shi ciki da bai, sau biyu don ƙarin lada. Bencin ya yi wani sheƙi mai ban sha'awa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ana shafa baƙin mai a jikin azara da turken rumfa ne, inda ba mai zama, kuma ba ya bushewa irin bushewar fenti, sai dai ya lafe a cikin katako yana jiran rana ta taɓa shi.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ga surukina ya zo duba jikansa, sanye da babbar riga ta farar shadda wadda ta sha bugu, tana ɗaukar ido. Mutum ne mai nauyi a jiki da kuma a idon jama'a, wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Uwargida ta yi maza ta shimfiɗa darduma a inuwa. Ni kuwa shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranar da za a san an ba da 'ya ga mai hikima, sai na durƙusa na ce, "Baba, ga benci nan, ni na haɗa shi da hannuna." Uwargida ta yi mini wani kallo daga bayansa wanda har yau nake gani a mafarki. Ya ce, "To, madalla," ya tattara rigarsa, ya yi bisimilla, ya zauna.

Bencin ya yi 'yar ƙara, irin ta tsohon da aka tasa daga barci, amma ya daure. Ina durƙushe muna gaisawa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi aiki, ya dubi tayoyin ya tambaya ko na fara sana'ar faci ne. Ina cikin yi masa bayanin amfanin sarrafa shara sai na ga murfin jarkar nan ya sulale ya gangara, a hankali, ya wuce ta gaban gwiwata. Daga nan komai ya tafi cikin natsuwa, domin bencin bai karye farat ɗaya ba, sai ya riƙa kishingiɗa kamar raƙumin da zai durƙusa, miƙaƙƙun ƙusoshina suna komawa yadda na same su, Baba yana salati yana bin sa, har suka isa ƙasa tare. Ƙafarsa ɗaya ta faɗa cikin tayar da ta fi kowace kyawun shuka, hularsa kuma ta gara ta tsaya a gindin duro.

Na rasa ko in kama shi in ɗaga, abin da ban taɓa yi ba, ko in nemi inda ƙasa ta tsage in shige. Da ya miƙe ya juya zai karɓi hula, sai ga layuka baƙaƙe guda biyar a bayan farar rigar, a jere tsaf kamar shafin littafin rubutu, har da zanen kan ƙusa. Autanmu, wanda ya kwana uku bai yi magana ba, ya leƙo ta taga ya fashe da dariya, wanda hakan ya tabbatar mana cewa ya samu sauƙi. Baba ya karkaɗe hannu, ya taka zuwa dardumar da aka shimfiɗa masa tun farko, ya zauna, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam. Amma ita ma tabarma ba ta yi wa kowa laifi ba."

Mai wanki ya gwada sabulu, ya gwada kananzir, ya dawo da rigar ya ce wannan sai dai a rina ta baƙa. Na sayi sabuwar shadda yadi 10, na biya ɗinki da aiki, na aika da ita ta hannun uwargida domin ƙafata ta ƙi zuwa. Katakon bencin na kai wa mai ƙosai kyauta ta yi makamashi, washegari ta aiko a kwashe, wai hayaƙinsa yana korar mata masu saye. Duro kuma ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli ya ba ni abin da bai kai kuɗin waldarsa ba.

A ƙarshen Satumba lambun ya ba da amfani. Bayan ƙadangaru sun ɗebi zakkarsu, na tsinki tumatir 9, ƙanana, masu ɗan tabo a gindi, na jera su a faranti na kai wa uwargida ina taƙama. Ta ɗauko littafin nan, ta karanto komai tun daga Adaidaita Sahu har zuwa ɗinkin babbar riga, jimla ta kama naira 126,000, ta raba gida tara a gabana, kowane ɗaya ya tashi a kan naira 14,000. A lokacin kuwa farashi ya riga ya sauko a kasuwa. Ta ce irin wannan tumatir ya fi ƙarfin tukunyarmu, sai ta zuba su a kwano ta rufe ta aika wa mahaifinta.

Ɗan aike ya dawo da godiya, tare da saƙon cewa Baba zai zo ganin yara ranar Juma'a mai zuwa, kuma yana so a sanar da shi tun da wuri idan na sake ƙera wani abu, domin ya san rigar da zai sa. Da safe kuma, ina wucewa zan tafi aiki, mai faci ya ɗago hannu daga nesa yana kwaɗa mini kira, wai ya tara mini wasu guda 15, har da ta babbar mota.